Yadda Ake Kai Ɗalibai Gidan Tarihi na Kaduna Su Dawo da Abin Faɗi

Ga yadda yawancin ziyarar makarantu take kasancewa. A cika motoci biyu da yara tamanin, malamai uku su raka su, a iso da rana tsaka kowa ya galabaita. A zuba su cikin zauren baje kaya gaba ɗaya kamar an buɗe wa tumaki garke, na gaba suna jin mai bayani, na baya suna tsokanar juna. Minti ashirin an fito, a jeru a bakin ƙofa a ɗauki hoto, sai gida. Washegari ka tambayi yaro me ya gani, ya ce maka tukwane da gumaka. An kashe kuɗin mota, an ɓata yini guda na karatu, abin da aka samu bai wuce hoton nan ba.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. Shiri yake so tun daga makaranta, da kuma yarda cewa gara yaro ya kalli abu biyar da kyau da ya wuce ta gaban abu ɗari biyu. Abin da za a faɗa a nan ya fi shafar malamai, amma magidanci mai son fita da iyalinsa ranar hutu zai iya rage adadin ya yi amfani da shi.

Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana kan titin Ali Akilu, a Unguwar Sarki, ba nisa da Masallacin Sultan Bello. Wanda ya hau bas daga Kawo zuwa Kasuwa ta nan zai bi, wanda kuma ya sauka daga jirgin ƙasa a Rigasa sai ya nemi mota ko keke zuwa cikin gari. An buɗe gidan a 1975, kuma ginin kansa tarihi ne, domin a da nan ce hedikwatar jam'iyyar NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kafin gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wato sunan jihar nan a wancan lokaci, ta ba da shi a mai da shi gidan tarihi. Yana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da kayan tarihi, wadda aka kafa da dokar 1979. Kayan da ke ciki kashi biyu ne a dunƙule: abin da aka tono daga ƙasa, da abin da aka tattaro daga hannun al'ummu na sutura, kiɗa, yaƙi, noma da girki. A harabar kuma akwai rumfunan masu sana'ar hannu.

Mako biyu kafin ranar

Malami ɗaya ya je da ƙafarsa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Ya tafi da takarda daga shugaban makaranta zuwa ga shugaban gidan tarihin, mai ɗauke da rana, lokacin isowa, yawan ɗalibai, ajinsu, da harshen da suka fi fahimta. Maganar harshe ba ƙarama ba ce: 'yan firamare da aka yi wa bayani da Turancin jami'a za su gyaɗa kai ne kawai. A can zai tambayi kuɗin shiga na ɗalibi da na babba, ranakun da ake buɗewa, ko ana barin ɗaukar hoto a ciki da abin da ake biya a kai, da kuma wane zaure ne a buɗe, tunda akan rufe wani don gyara ko sauya kaya. Farashin da wani ya faɗa maka bara kada ka gina lissafi a kansa. Ya nemi ma'aikatan sashen ilimantarwa, su ne masu zagayawa da baƙi, ya karɓi lambar wanda zai tarbe ku.

Sannan ya zagaya shi kaɗai da littafi a hannu, ya zaɓi kaya biyar ko shida da za a tsaya a kansu, ya kwafe abin da aka rubuta a jikin takardar kowanne. Ya duba inda banɗaki yake, da inuwar da za a zauna a ci abinci, da inda mota za ta tsaya yara su sauka ba a bakin kwalta ba, don titin Ali Akilu ba ya rabo da gudun motoci.

A zaɓi Talata, Laraba ko Alhamis. Juma'a ba ta dace ba, saboda kafin azahar unguwar takan cika da masu zuwa Sultan Bello, fita da motar makaranta ya zama aiki. A isa da misalin ƙarfe tara da rabi, a gama zaure kafin sha biyu. A watan Maris da Afrilu zafi yana kashe wa yara jiki tun sha ɗaya, a Agusta kuma ruwa yana iya tsare ku a baranda, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin fita. Ranar 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, akan yi taro da jawabai. Tana da kyau ga mai son biki, amma ba ranar kallon natsuwa ba ce.

Lissafin mutane kuwa: babba ɗaya ga yara goma, in 'yan ƙananan aji ne ɗaya ga shida. Rukunin da zai shiga zaure kada ya wuce sha biyar, domin akwatin gilashi ba ya ɗaukar fuska fiye da bakwai ko takwas a gabansa, sauran ƙeyar 'yan'uwansu za su kalla. In kun kai arba'in da biyar, ku kasu uku: ɗaya a zaure, ɗaya a rumfunan sana'a, ɗaya a inuwa yana zane, a riƙa juyawa duk minti talatin. Kowane yaro ya zo da fensir, takarda biyu a maƙale da kwali mai tauri, da ledar ruwa biyu. Biro a bar shi a gida, tawadarsa in ta taɓa kaya ko bango ba ta fita. A ƙirga yara sau huɗu: wajen hawa mota, wajen sauka, bayan abinci, da kafin a tashi.

Maganar gumaka

A yi ta tun a aji, kada a bari sai an tsaya gaban gilashi. Wasu iyaye za su tambaya, wasu yaran kuma za su ja baya suna ta'awizi, wani ma ya ce in ka kalli idon abin zai biyo ka gida. Amsar a sauƙaƙe take. Gidan tarihi wurin ajiya ne da nazari, ba a yi wa komai hidima a cikinsa, abin da ake kira gunkin nan yumɓu ne da aka gasa, kamar tukunya. Ana kallonsa don a san yadda mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan suka yi ado, abin da suka ci, da iyakar gwanintarsu. Malamin da ya faɗi haka cikin natsuwa kwana ɗaya kafin tafiya ya huta da rabin rigimar. Yaron da duk da haka ya ƙi matsawa kusa, kada a tilasta masa, a ba shi sirdi ko kalangu ya zana.

Igiyar shekaru

Yaro ɗan shekara goma ba ya bambance shekara ɗari biyu da dubu biyu, duk "zamanin da" ne a wurinsa. Ka sami igiya mai tsawon mita 3, ka ce ita ce shekara 3,000, kowace santimita ɗaya shekara goma. Bakin dama shi ne yau. Ka auna kusan santimita 6 da rabi ka ɗaura tsumma, nan ne 1960, samun 'yancin kai. A wajen santimita 11 ka ɗaura wani, lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. A santimita 22, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Duk wannan bai kai tsawon takardar rubutu ba. Sai ka sa yaro ya riƙe igiyar ya yi ta ja baya har ya wuce mita 2, can kusa da ɗaya bakin, ka ce masa a nan mutanen Nok suke gasa kawunan da za mu gani gobe. Ka naɗe igiyar ka tafi da ita gidan tarihin, za ka sake warware ta fiye da sau ɗaya.

Tsayawa gaban kan Nok

Nan ne ya kamata a daɗe, don kayan Nok daga jihar nan sunansu ya fito. Nok ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi, ƙasar mutanen Ham. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a can. Bayan shekara goma sha biyar ko makamancin haka aka kawo wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan daga yankin Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya yana korar dabbobi da shi. Fagg ya lura ƙirar biyun iri ɗaya ce, ya sa wa al'adar sunan ƙauyen, kuma shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Mutanen da suka yi kayan ba su bar rubutu ba, sunan Nok aron sa aka yi musu. Daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi, suka shafe shekaru suna tono a yankin ƙauyen Janjala na Kudancin Kaduna da kewaye. Bincikensu ya kai farkon al'adar zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), siffofin yumɓun kuma suka bayyana ƙarnoni bayan nan.

Kada ka fara da wannan bayanin. Ka tsayar da su, ka ce minti ɗaya ba magana, kowa ya kalla. Sannan ka tambayi abin da ido ke gani. Idon siffar yaya yake? Za su gano da kansu cewa kusan kusurwa uku gare shi, gira ta lanƙwasa a sama, ƙwayar idon kuma huda ce ta zarce ciki. Su nemi sauran hudojin, a hanci, a kunne, wani lokaci a baki. Ka tambaye su me ya sa. Cikin kan rami ne, an gina shi ne da murjin yumɓu hawa bisa hawa, yadda mai ginin tukwane take ɗaga randa, kuma hudojin suna taimaka wa tururi da iska mai zafi su fita wajen gashi, in ba haka ba abin ya fashe a wuta. Su duba fatar, za su ga tana da kaushi da ƙananan tsakuwoyi. An cakuɗa yumɓun da niƙaƙƙen dutse don ya jure wuta, kuma asali an shafe samansa da ruwan yumɓu mai laushi ya yi sumul, zaman ƙasa na dubban shekaru ne ya cinye shafen.

Daga nan sai gashi. 'Yan mata su suka fi saurin kama wannan: ga tukkaye, ga doka, ga kitso mai layi-layi, ga duwatsun wuya jere-jere da warwaro. Tambayar da ke biyo baya ita ce, mutumin da yake da lokacin zama a yi masa irin wannan kitso, yunwa ce ke damunsa? A nan za ka shigo da abincinsu. An samu ƙonannen gero da wake da ƙwallon atili a wuraren zamansu, kuma wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Gero, wake, zuma: yaron Kaduna ya ci duka ukun a wannan watan. A Taruga kuma, wani mazaunin mutanen Nok da ke kusa da Abuja, an tono matoyar narka tama, shaidar cewa suna cikin mutanen farko da suka sarrafa ƙarfe a Afirka ta Yamma.

Wani zai tambaya ina sauran jikin. Yawancin kawunan nan daga cikakkun siffofi suka ɓalle, kuma masu tono sun fi samunsu a farfashe, a binne cikin ramuka. Daga nan kowa ya zana kan a takardarsa, minti biyar. Ba kyan zane ake nema ba. Wanda zai zana kunne dole ya kalli kunnen.

Sauran zaure

Kayan al'adu sun fi sauƙi, tunda yara sun san danginsu a gida. Tambaya uku ta isa kowane abu: da me aka yi shi, wa ya yi shi, me ya maye gurbinsa yau. Ƙwarya ta ba roba wuri, tulu ya ba jarka, fitilar aci-bal-bal ta ba tocila. In kun tarar da kayan doki, su nuna sirdi da linzami da likkafa, ka bambance musu sulke, wato rigar zoben ƙarfe, da lifidi mai cushen auduga da ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya. Wajen kayan kiɗa, kakaki da tambari na sarauta ne, ba a busa wa talaka ko a kaɗa masa, kalangu kuwa an san shi da mahauta. Kuɗin wuri ma abin tsayawa ne: daga tsibiran Tekun Indiya ya taso har ya zama kuɗin kasuwannin Hausa, dubu ɗaya ake kira zambar, dubu ashirin a ƙunshe kuma keso. Daga shi sai anini mai huda na zamanin Turawa, sai naira a 1973.

A kula da abu guda. Kaduna gari ne na kowa, a aji ɗaya za ka sami Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Bafulatani da Bayarabe. Idan aka zo kan kayan wata al'umma, ɗan cikinta a fara tambaya me ake kiran abin a gidansu. Dariya da "kayan arna" a tsawatar tun ta farko, in aka bari ta wuce sau ɗaya, ziyarar ta lalace wa wani yaro.

Dokokin zaure kowa ya san su, amma yara sun fi bin doka in sun san dalilinta. Ba a taɓawa, saboda gumin hannu yana da gishiri da maiƙo, yana sa ƙarfe tsatsa, yana baƙanta fata da yumɓu, kuma hannu dubu a shekara ba hannu ɗaya ba ne. Ba a jingina da gilashi, abin da ke ciki a kan ɗan dandamali yake, girgiza kaɗan ta kayar da shi. Ba a kunna walƙiyar kyamara, haske mai ƙarfi yana kashe launin rini, baba da jan karan dafi in sun koɗe ba sa dawowa. Ba a shiga da abinci, ɓurɓushin biskit yana kiran kyankyaso da ɓera, su kuma daga biskit sai su koma kan fata da saƙa. Jakunkuna a bar su a mota ko a ƙofa, don yaro mai goye da jaka in ya juya bai san me ya buga ba.

Rumfunan sana'a

A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki mutum hoto, kuma malami ya tanadi ɗan kuɗi a sayi wani abu komai ƙanƙantarsa, domin mutanen nan sana'arsu suke ci da ita, an kuma tsayar musu da aiki. A tambayi baduku yadda fata take zuwa hannunsa, zai kai ku ga majema da jiƙon bagaruwa. A tambayi masaƙi sawu nawa ake haɗawa a sami zane ɗaya. A nan taɓawa halal ce in mai kaya ya yarda, shi ya sa ya fi kyau rukunin da ya fi rawar kai ya fara da rumfuna, ya huce ƙaiƙayin hannunsa kafin ya shiga zaure.

In da sauran lokaci

Manyan ɗalibai, 'yan sakandare, ana iya ƙarasa da su Arewa House, lamba 1 titin Rabah, gidan Firimiyan Arewa Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi daren 15 ga Janairu 1966. Tun 1970 wurin ya zama cibiyar bincike da adana tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ne daraktanta na farko, kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai hotuna, kayan Sardauna, ɗakin karatu da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Hukumarsu daban ce, takardar neman izini ma daban. Lugard Hall, inda Majalisar Arewa ta zauna, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jiha, ana nuna shi daga mota a wuce. 'Yan firamare kada a haɗa musu wuri biyu a yini ɗaya, na biyun barci za su yi. Zuwa ƙauyen Nok kuwa tafiya ce mai zaman kanta, sai an tuntuɓi hukumar gidajen tarihi da mutanen yankin kan halin hanya.

Wanda ya ce a gonarsu ma akwai

Kusan kowace ziyara ana samun yaro ko direba da zai ce sun taɓa tono irin wannan a gona, ko wani ya tare malami a waje ya ce yana da na sayarwa. Saye da sayar da kayan tarihi haramun ne a dokar ƙasa in ba ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi ba, fita da su waje kuma sai da takardarta. Dokar ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Da yawa daga cikin "Nok" na kasuwa ma jabu ne, sabon gashi da aka turbuɗa a ƙasa ya yi kamar ya tsufa, ko gutsattsarin gaske da aka liƙe da gam aka ƙera masa fuska.

In garma ta ci karo da abu, a dakata da tono. Kada a ciro shi, kada a wanke, kada a kankare ƙasar jikinsa ko a haɗa fasassun da gam. A ɗauki hotonsa a inda yake, a ajiye fartanya ko takalmi a gefe don a gane girmansa, a mayar da ƙasa mai laushi a rufe, a sa alama, a sanar da mai unguwa ko dagaci da gidan tarihi mafi kusa. Gawayin da ke gefensa da shi ake auna shekarunsa, zurfin da yake kwance da gutsattsarin tukwanen da ke kewaye su ke nuna ko gida ne ko wurin binnewa, ƙasar cikin tukunya kuma ita ke riƙe da ƙwayar geron da aka ambata ɗazu. Wanda ya zare kan ya wanke shi da omo ya zubar da duk wannan.